Zanen Fatar Ƙwaya: Shaidar Da Bai Kamata A Sallama Ba

Jawabin kimiyya na wannan mako ya shafi wani abu ne wanda ko wane manomi ya sha riƙewa a tafin hannunsa, watau ƙwayar iri. Ba cikin ƙwayar za a duba ba. Fatarta za a duba, da irin zanen da Allah ya yi a bisanta, da yadda masana ke amfani da zanen nan wajen rarrabe tsire-tsiren ƙasashe masu zafi, su san wane ne dangin wane. A zamanin yanzu akwai masu cewa wannan ilmi ya tsufa, tun da an sami hanyar karanta DNA, watau rubutun gadon da ke cikin jikin ko wane mai rai. Manufar jawabin nan ita ce a nuna maganarsu da gyara, kuma ƙasar Hausa tana cikin ƙasashen da za su fi yin hasara in aka yi watsi da shi.

Da farko ya kamata mai sauraro ya san yadda masana ke jera tsire-tsire. Su kan kasa su dangi dangi, ko wane dangi a kasa shi gida gida, ko wane gida kuma a kasa shi jinsi jinsi. Ga misali, gauta da tumatir da dankalin Turawa gidansu ɗaya, sunansa Solanum, amma ko wanne jinsinsa dabam. Barkono da taba kuwa danginsu ne, sai dai ba gida ɗaya su ke ba. Da ganye da fure a kan fara ganewa. To, amma ganye ba shi da alkawari. Tsiron da ya fito a fadama ya kan yi ganye fatan-fatan, ɗan'uwansa da ya fito a jigawa ya tsumbure, har wanda bai sani ba ya ce ba jinsinsu ɗaya ba. Fure kuwa na 'yan kwanaki ne. Ƙwaya ita ce mai daɗewa, kuma ƙarancin ruwa ko yawan inuwa ba su cika sāke zanen fatarta ba. Kamar tsagar gado ta ke a fuskar mutum: Bagobiri ko ya yi ƙiba ko ya rame, tsagarsa tana nan yadda wanzami ya yi ta.

Babu birnin da ya kamata ya san darajar fatar ƙwaya kamar Mancesta, cikin ƙasar Ingila, gama a kanta aka gina arzikinsa. Ko wane sili na auduga gashi ne wanda ya tsiro daga fatar gurya. Jikin tsiro an gina shi ne da waɗansu ƙananan ɗakuna kamar na saƙar zuma, waɗanda masana ke kira sel, to, ko wane silin auduga ɗaki ɗaya ne tak wanda ya miƙe ya yi tsawo. Domin neman gashin nan aka kafa Ƙungiyar Noman Auduga ta Ingila a Mancesta cikin 1902, wadda ta zo ta kafa injunan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa da waɗansu garuruwan Arewa. Begen samun auduga kuma yana cikin dalilan da suka sa aka ja hanyar jirgin ƙasa har ta isa Kano cikin 1911, ko da ya ke daga baya gyaɗa ce ta fi cika taragu.

A gidan auduga akwai jinsi wajen 50, amma huɗu kaɗai a ke nomawa, sabo da su ne masu dogon gashin da ke kaɗuwa. Na jeji gashinsu gajere ne, ba ya zare. Ko cikin waɗanda a ke nomawa ɗin, wata guryar in an gurje ta a kan bar ta da ɗan gashi mai laushi manne da ita, wata kuwa ta fito baƙa sumul, kuma masana sun daɗe suna lura da wannan wajen rarrabe su. Har wa yau a nan ne za a ga inda ido ke ruɗin mai shi. Audugar rimi ta yi kama da auduga, amma ba daga fatar ƙwaya ta ke fitowa ba, daga bangon kwanson ta ke. Ta tumfafiya kuwa tukku ce a ƙarshen ƙwayar, gefe ɗaya kaɗai. Kama da wane ba ta wane.

Duban ƙwaya domin sanin dangantaka ba sabon abu ba ne. Wani masani Bajamushe, Joseph Gaertner, ya fara buga babban littafinsa a kan 'ya'yan itace da ƙwayoyi cikin 1788. Cikin 1976 kuma E. J. H. Corner na Jami'ar Kembirij, wanda ya yi shekaru yana aiki a Singafo cikin itatuwan ƙasar zafi, ya fitar da littafi juzu'i biyu a kan ginin fatar ƙwayoyi. Abin da ya daɗe yana hana ruwa gudu shi ne kayan aiki. Madubin likita, mai aiki da haske, ya kan ƙara girman abu kamar sau 1,000, amma in abin yana da tudu da kwari, sai tudun ya fito sarai kwarin ya dushe, ko kwarin ya fito tudun ya dushe.

Maganin wannan ya zo ne daga madubin lantarki, kuma a nan ma Mancesta tana da hannu. Cikin 1936 kamfanin Metropolitan-Vickers, a unguwar masana'antu ta Trafford Park, ya ƙera madubin lantarki na farko wanda wani kamfani ya taɓa ƙerawa. Shi wannan yana harba lantarki ne ya ratsa ta cikin abu mai ɗan kauri kaɗan. Wanda ya dace da ƙwaya kuwa, watau mai bin fuskar abu layi layi kamar mai huɗa, a Kembirij aka gyara shi ƙarƙashin Charles Oatley, aka fara sayar da shi cikin 1965 da sunan Stereoscan. Ga yadda a ke aiki da shi. A kan manna ƙwayar bisa wani ɗan ƙarfe, a shafe ta da zinariya wadda ba ta kai kaurin tururi a jikin gilashi ba, a sa ta cikin akwati a zuƙe iska duka. Sa'an nan tsinken lantarki ya bi ta kanta, siffarta ta bayyana a allo. Ƙwayar da ido ke gani kamar ƙura sai ga ta da kunyoyi da ramuka da ƙayoyi.

Cikin 1981 wani Bajamushe kuma, Wilhelm Barthlott, bayan ya duba tsire-tsire dubbai da madubin nan, ya tsara abubuwa huɗu da mai bincike zai lura da su. Na ɗaya, yadda ɗakunan ke jere. Na biyu, siffar ko wane ɗaki, da ko bangonsa a miƙe ya ke ko a karkace kamar tafiyar maciji. Na uku, ƙananan ƙuraje da layukan da ke bisa rufin ɗakin. Na huɗu, kakin da tsiron ya kan fitar ya shafe fuskarsa da shi. Da wannan tsari masanin da ke Jamus da wanda ke Indiya suka iya bayyana abin da suka gani da harshe ɗaya.

Amma labarin da ya fi kusa da tukunyar Bahaushe a Barmingam ya faru, birnin da ke kudu da Mancesta, tsakiyar Ingila. A jami'ar birnin akwai Shaihun Malami Jack Hawkes, masanin dankalin Turawa, wanda ya buɗe kwas na musamman cikin 1969 domin koyar da tattara irin shuke-shuke da adana su, ɗalibai suka yi ta zuwa daga Afirka da Asiya da Amurka ta Kudu. A Barmingam ne kuma aka yi babban taro na farko na masanan dangin gauta na duniya cikin 1976. Cikin abokan aikin Hawkes akwai Dokta Richard Lester, wanda ya ba da yawancin rayuwarsa ga nazarin gautan Afirka.

Lester ya tarad da wata wahala. Ƙwayar gauta da ta 'yan gidansu ta kan fito daga cikin ɗan itacen lulluɓe da ragowar tsoka, ga kuma wani siririn rufi bisa ɗakunan fatar, har madubin lantarki ba ya nuna kome sai fuska a shafe. Cikin 1984 shi da abokin aikinsa Durrands suka bayyana dabarar da suka samo. Sai su jiƙa ƙwayar cikin ruwan enzaim, watau irin sinadarin nan da ke cikin yawu da tumbi mai narkar da abinci. Enzaim ya cinye rufin mai taushi, ya bar bangayen masu ƙarfi a tsaye, zanen ya fito fili. Mai lambu ya san ƙanin wannan dabara, gama in zai ajiye irin tumatir ya kan bar ƙwayar cikin ruwanta ta kwana biyu ko uku har yauƙin ya saki, ya wanke ya shanya, sa'an nan a ga ɗan gashi-gashi a jikinta. Gashin nan ba gashin gaske ba ne irin na auduga, ragowar bangayen ɗakuna ne da suka tsaya bayan rufinsu ya tafi. Cikin 1991 Lester da wata masaniya daga Ajantina, Cecilia Ezcurra, suka gwada dabarar a kan waɗansu gidaje biyu na furannin ƙasar zafi, Justicia da Ruellia, ta kuwa yi aiki.

Akwai darasi cikin yadda Lester ya yi da gauta. A dā Turawa sun raɗa wa gautan Afirka sunaye barkatai, sabo da wani fari ne, wani kore mai ratsi, wani dogo, wani mai tsaga-tsaga, wani don ganye a ke shuka shi. Cikin 1986 Lester ya nuna duk jinsi ɗaya ne, Solanum aethiopicum, mai rukuni huɗu: Gilo, da Kumba, da Shum, da Aculeatum. A shekarar nan kuma shi da Niakan suka nuna asalinsa daga wani gautan jeji ne mai ƙananan 'ya'ya, Solanum anguivi. Yawancin gauta da yalo da ɗata da a ke kasawa a kasuwannin Kano da Katsina da Maraɗi cikin jinsin nan su ke. Gautan kura kuwa, mai ƙaya, wanda a ke gani a kufai, jinsi ne dabam. Ba da duban ƙwaya kaɗai aka kai ga wannan hukunci ba. An shuka tsire-tsiren, an auna gaɓoɓinsu, an haɗa furen wannan da na wancan domin a ga ko za su haifi 'ya'ya masu haihuwa. Mutumin da ya ƙware wajen duban fatar ƙwaya bai ɗauke ta ita ce alƙali ba, shaida ya ɗauke ta cikin shaidu.

To, yanzu sai a saurari masu suka, gama suna da hujja, kuma ba a kyauta ba in an ɓoye ta. Hujjarsu ta farko ita ce tsire-tsiren da ba su haɗa kome ba su kan yi ƙwaya mai kama da juna in hanyar yaɗuwarsu ɗaya ce. Ƙwayar da iska ke ɗauka ta kan yi fiffike ko gashi, ko daga wane dangi ta fito. Zogale yana da fiffike uku a ƙwayarsa, amma wannan bai sa ya zama ɗan'uwan ko wane itace mai ƙwaya da fiffike ba. Hujja ta biyu, ko cikin jinsi ɗaya zanen ya kan ɗan bambanta daga wannan tsiro zuwa wancan, kuma an sha buga bincike wanda aka kafa bisa ƙwaya uku ko huɗu daga wuri guda. Hujja ta uku ita ce mafi ƙarfi: DNA ya warware abubuwan da ido ya kasa. Linnaeus ya sa tumatir cikin gidan Solanum cikin 1753, Philip Miller ya fitar da shi ya yi masa gidansa dabam cikin 1754, aka yi ta ja-in-ja fiye da shekara 200, sai binciken DNA na 1993 ya mai da shi inda Linnaeus ya ajiye shi. Tun 1998 kuma a kan DNA a ke kafa babban tsarin dangogin tsire-tsire masu fure, an fitar da bugunsa na huɗu cikin 2016.

Duk wannan gaskiya ne. In tambayar ita ce wane dangi ya fito daga wane, to, DNA ya fi fatar ƙwaya nesa ba kusa ba, kuma wanda ya yi gardamar haka ya ɓata lokacinsa. Amma ba ita ce kaɗai tambayar da ke gaban mutane ba. Malamin gona da aka kawo wa mudun iri, da ma'aikacin da ke duba buhuna a bakin iyaka, tambayarsu ita ce: wannan ƙwaya da ke gabana ta mene ne? Ba su da ganye, ba su da fure, ba su da kwanakin jiran sakamako daga wani ɗakin bincike mai nisa. Ƙwayar kaɗai ke hannunsu.

A ɗauki misalin wuta-wuta, wadda waɗansu ke kira ƙuduji, abokiyar gabar dawa da gero da masara. Ƙwayarta ba ta wuce sulusin milimita ba. Tsiro ɗaya ya kan zubar da dubun dubatarta, kuma ta kan kwanta cikin ƙasa shekara goma ko fiye tana jiran saiwar hatsi. A gidanta, watau Striga, akwai jinsin da ke kama hatsi, akwai wanda ke kama wake. Akwai kuma wata 'yar danginsu mai furen rawaya, Alectra, ita ma mai kama wake. A ido duk ƙura ce. A madubi kuwa ƙwayar Striga tana da kunyoyi a murɗe kamar igiya, ta Alectra tana cikin wata 'yar riga sako-sako mai kama da raga. Wajen shekarar 2000 binciken DNA ya sa an ɗauke wuta-wuta daga dangin da aka daɗe da sa ta aka kai ta wani, wannan kuwa ci gaba ne ga ilmi. Amma bai rage ko ƙwaya ɗaya daga cikin irin da manomi ya sayo a kasuwa ba. Wanda ya iya gane ta cikin ƙurar gindin buhu shi ne zai hana ta shiga gonar da ba ta taɓa shiga ba.

Masu tonon tarihi su ma da wannan ilmi su ke aiki. Ƙwayar da ta ƙone ta zama gawayi ta kan daɗe shekara dubbai cikin ƙasa da siffarta, amma wuta ta riga ta lalata DNA ɗinta. Daga gurbin ƙwaya da ƙaiƙayi a jikin tsoffin katangun tukwane na kwarin Tilemsi, cikin ƙasar Mali, aka gane cewa an yi noman gero a can tun kimanin shekara 4,500 da suka wuce. A kufan mutanen Nok kuma, cikin Nijeriya ta tsakiya, an sami ƙonannun ƙwayoyin gero da wake. Ba don akwai masu ido ga siffar ƙwaya ba, da tarihin tuwon ƙasar nan yana binne har yanzu.

Sabo da haka akwai aikin da ke jiran masana na gida. J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsire-tsire na Hausa ya buga cikin 1916, kuma har yau ana komawa ga aikinsa. Abin da ya kamata a ɗora a kai shi ne kundin hotunan ƙwayoyi na amfanin gona da ciyayin ƙasar Hausa, ko wace ƙwaya da sunanta na Hausa da Fulatanci da Barbarci da na masana. Wuraren da za su iya suna nan: Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka fara cikin 1922 ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962, da ma'ajiyar irin shuke-shuke ta ƙasa da ke Ibadan, da tashoshin bincike na Maraɗi da Sadore a Jamhuriyar Nijar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wuta-wuta ba ta san iyakar Jibiya ba.

Sharaɗi biyu ne za su sa kundin ya zama abin dogara, kuma daga bakin masu sukar nan aka samo su. Na farko, kada a ɗauki hoton ƙwaya sai an ajiye busasshen tsiron da ta fito daga jikinsa, da ganyensa da furensa, domin in shakka ta taso a koma a duba, ko a gwada DNA ɗinsa. Na biyu, ko wane jinsi a tattaro ƙwayarsa daga wurare da yawa, daga Sakkwato har Borno, daga Damagaram har Zazzau, domin a san iyakar bambancin da ke cikinsa kafin a ce ga alamarsa. Ba lalle ne kuma a jira madubin lantarki ba. Yawancin ƙwayoyi ɗan madubin hannu mai ƙara girma sau 10 ya isa a fara da shi, ga kuma kyamarar da ke jikin wayar ko wane ɗalibi. Sai ƙanana irin na wuta-wuta ne za a kai wa babban madubi.

Biranen Ingila ɗin nan su ma da nasu rabon aikin. A Gidan Tarihi na Mancesta, wanda ke ƙarƙashin jami'ar birnin, akwai busassun tsire-tsire kimanin 750,000 daga sassan duniya, babban kashi daga cikinsu tarin waɗansu 'yan kasuwar birnin ne biyu, Charles Bailey da James Cosmo Melvill, waɗanda suka tara da kuɗinsu don sha'awa. Ma'ajiyoyi irin wannan sun fara ɗaukar hotunan kayansu suna sawa a intanet. Abin da ya dace shi ne in an zo kan tsiron ƙasar zafi mai ƙwaya a jikinsa, a ɗauki hoton ƙwayar ita ma kusa kusa, domin ɗalibin da ke Zariya ko Yamai ya kwatanta da tasa ba tare da ya biya kuɗin jirgi ba. Birnin da ya ci arzikin gashin gurya bai kamata ya ga wannan aiki ya yi masa yawa ba.

Richard Lester ya rasu cikin 2006, Jack Hawkes ya bi shi cikin 2007. Masu irin idonsu ba a samunsu cikin shekara ɗaya, sai an daɗe ana duba ƙwaya bayan ƙwaya ƙarƙashin wanda ya riga ya iya. In jami'o'i suka koyar da ɗalibai karatun DNA kaɗai, za a wayi gari da masanin da ya san kakannin gauta duka, amma a zuba masa ƙwayar gauta da ta gautan kura a faifai ya kasa raba su. Alƙali mai adalci ba ya korar tsohuwar shaida don sabuwa ta iso, ya kan saurari duka biyu, ya ba ko wace nauyinta. Haka ya kamata a yi da fatar ƙwaya.

Iyakar jawabin wannan mako ke nan. Allah ya ba da damina mai albarka.